Pil ɗin da Na Cire

Rabi da Sale, wannan babin naku ne, kuma da son samu ne da ban rubuta shi ba. Na ba ku labarin yadda na koyi gyaran rediyo a Kamba, na ba ku na aurena da uwarku, duk waɗannan ina murmushi na rubuta su. Wannan kuwa sau uku ina farawa ina yage takardar. Abin da ya tilasta mini shi ne maganar da Rabi ta yi ranar sadakar arba'in ta uwarku, tana tsammanin ban ji ba. Ta ce wa ƙawarta, Allah ya jiƙan Inna, amma ta yi wa Baba rowar fuska fiye da shekara ashirin ba da laifin komai ba. Kunnena ɗaya ne ya mutu, Rabi, ɗayan yana aiki. Akwai laifi, kuma nawa ne. Na bar ku kuna ɗora wa matacciya kayan da ni ya kamata in ɗauka, to yau zan sauke mata.

Kun san kuna da wa, wanda ruwa ya ci. Kun san kuma ba ku taɓa jin sunansa a bakina ko a bakin uwarku ba. Ku ƴan yanzu kuna rungumar ƴaƴanku na fari a gaban surukai, kuna kiran sunansu har maƙwabta su ji, mu kuwa ba haka muka taso ba. Ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi, in ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Ana yaye yayanku aka kai shi Bengu wurin kakarsa, bai dawo hannunmu ba sai da ya shiga kolej. Uwarku ta riƙe wannan al'ada da haƙoranta. In za ta kira shi sai ta ce “kai wanga”, in za ta yi zancensa ta ce “yaron nan”. Ni ma ban fi ta ba. Shekara shida yana zaune kusa da ni a kan bencin shago bayan an tashi lakwal, wato makaranta, kafaɗarsa na gugar tawa, amma ban tuna ranar da na dube shi ido cikin ido ba. Hannunsa nake kallo. Hannun kuwa ya fi nawa, ko da yake da za a yanka ni a lokacin ba zan faɗa ba.

Akwatin wasan wani direban babbar mota ne ya kawo shi daga Kwatano, cikin tsofaffin kayan Turai da ake sauke wa a tashar jirgin ruwa. Baƙi ne, bai kai tiren shayi faɗi ba, da rami a bisa inda ake cusa kaset, da abin riƙewa mai maɓallai wanda yara ke kira manet. Kayan Amurka ne, wutarsa rabin tamu ce, direban kuwa ya soka shi kai tsaye a bango ya ƙone masa transfo, abin da ke rage ƙarfin wuta. Na duba na ce ba aikina ba ne, ni rediyo da tele na sani, ba kayan shashanci ba. Ya ce to in jefar. Yayanku ya ɗauke shi, ya warware wani tsohon transfo, ya sake naɗa wayar da hannunsa har ya sami wutar da ta dace. Sati biyu ya yi a kai. Ranar da ya tashe shi a telen gida, hoto ya fito ras, amma baƙi da fari. Telenmu yana gane launin tashar Nijar da na Najeriya, launin Amurka kuwa baƙon yare ne gare shi. Yayanku ya bincika ya gano cewa in aka canza wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ake kira kwats, aka ɗaga ƙafa ɗaya ta wani sirkwi, ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa, aka ɗaure ta wani wuri, launi zai zo. Ya roƙe ni in yi masa, don aikin yana son hannun da ya saba. Na ce sai na sami sarari. Shekara guda ina neman sararin nan.

Kaset ɗaya ne tak ya zo da akwatin. Wasan wani ɗan mutum ne mai takobi da ke yawo ƙasa-ƙasa, kuma in ka gaji kana iya ajiye shi inda ka tsaya, gobe ka tarar da shi nan. A farkon wasan akwai layi uku na rubuta suna. Yayanku ya rubuta nasa a layin sama. Abin da zan faɗa yanzu ban san shi ba a lokacin, uwarku ce ta gaya mini da bakinta bayan shekaru masu yawa. Wata rana tana tankaɗe a bakin ƙofar ɗaki, sai ya kira ta.

“Inna, taho ki ga wani abu.”

“Ina aiki. Mi ne ne?”

“Kin ga rubutun ga na bisa? Sunana ne. Tunda bakinki ba shi iya hwaɗi nai, to ga shi nan, ki riƙa kallo. Kallo ai ba kunya.”

“Marar ta-ido. Allah shi shirye ka.”

Ta ce ta jefe shi da murfin kwano, amma sai da ta kalla. Ba ta yi boko ba, ba ta san baƙi ko ɗaya ba, sai ta haddace kamar rubutun yadda take haddace zanen ƙwarya. Ya nuna mata inda ake kunnawa da maɓallin da ake dannawa, yana dariya, tana zaginsa.

Ni ma ya taɓa yi mini magana a kan kaset ɗin, wannan kam da kunnena na ji. Muna shago ina fama da wata rediyo, sai ya ce:

“Baba, ka san cikin kaset ɗin ga akwai pil ƙarami, ɗan batir? Shi ne ke riƙe da...”

“Kai za ka koya min pil? Tun ba a haihe ka ba nike canza pil. Miƙo min dalma.”

Ya miƙo mini dalma, bai ƙarasa ba. Wanzami ba ya son jarfa. Ni da ke yi wa kowa bayani a garin Gaya, ba zan zauna ɗan cikina ya karantar da ni a gaban masu jiran rediyo ba.

Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, a cikin sanyi ne, kogi ya cika ya batse da ruwan da ke gangarowa daga Mali. Na aike shi Malanbil, a tsallaken iyaka, ya sayo mini kayan gyaran wata rediyo, na rubuta masa a takarda. Tafiyar da ya saba ce, a haye gada da safe a dawo kafin la'asar. Yana can labari ya fito a rediyo cewa an yi juyin mulki a Yamai, an rufe iyaka. Da ya kwana a can da babu abin da zai faru, muna da dangi a Malanbil. Amma na ce masa mai rediyon zai zo da safe, shi kuwa bai taɓa saɓa maganata ba. Ya bi masu kwalekwale da ke tsallakar da mutane ta ƙasan gari, inda sojoji ba sa gani. Jirgin mutum goma ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, da buhunan gari da jarkoki. Kwana uku bayan nan Sarkawa masu su suka same shi can gangare, suka binne shi a bakin ruwa kamar yadda ake yi wa wanda kogi ya ci. Katin shaidarsa yana aljihu, ruwa ya cinye hoton, kuma shi ne kaɗai hotonsa da aka taɓa ɗauka. Suka kawo mini wata ƴar leda da ya ƙulle da kyau a cikin wandonsa. Duk abin da na rubuta yana ciki, da ƙarin abu ɗaya da ban rubuta ba, kwats ɗin nan mai ƙafa biyu. Na jefa shi a gwangwanin madara na rufe.

Aka yi zaman makoki. Mutane suna shigowa, masu Hausa na cewa sai haƙuri, masu Dendanci na cewa fonda tilas. Uwarku ba ta yi kuka a gaban kowa ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a bainar jama'a. Mata suka yi ta yaba mata, wai ga mace mai kunya. Ni ma na yaba a raina, wawa da ni. Na koma shago bayan kwana bakwai. Ban san cewa kullum bayan azahar, in na fita kun tafi lakwal, tana shiga ɗaki ta sake labule ta kunna akwatin nan ba. Sai ta zauna ta kalli rubutun layin sama. In ta danna maɓalli, ɗan mutumin ya fito tsaye a wani wuri kusa da ruwa, inda yayanku ya bar shi ranar ƙarshe. Ba ta taɓa motsa shi ba. Takan dube shi yana tsaye, yana ɗan numfashi irin nasu, har a kira la'asar, sannan ta kashe ta rufe da zane. Sale, kana tuna dukan da ta yi maka ranar da ka taɓa manet ɗin, wanda har yau kake ba da labari? To ga dalilinsa.

Da bazara ta yi tsanani, wata safiya na fito zan sa takalma sai na tarar da ƙunshin akwatin nan a kansu. Uwarku tana tsaye nesa kaɗan, tana kallon tukunya.

“Malam, abin ga ya daina.”

“Wa ke wasa da shi? Sale?”

“A gyara dai.”

Iyakar maganar ke nan. Da ta ƙara kalma uku, ko da na ƙara tambaya ɗaya, da wannan babin babu shi. Amma ta yaya za ta ce mini tana kallon sunan ɗanta na fari? Ni kuma ta yaya zan tambaye ta? Na ɗauki ƙunshin na tafi, kuma ba zan ɓoye muku ba, murna nake yi. Wata uku ba ta nemi komai a wurina ba, ko gishiri. Na ce a raina yau zan nuna mata, zan yi wa abin nan gyaran da ba a taɓa yi wa wani abu a Gaya ba.

Na tura masu jira, na share benci. Na fara da transfon da yayanku ya naɗa, na auna, lafiyarsa lau, har na ji haushin yadda naɗin ya fi nawa tsabta. Na buɗe akwatin. Ƙura da kashin kyankyasai sun yi gida a ciki, na share da burushi. Na jona wuta, ƴar fitilar gaba ta yi ja ta dushe. Da na girgiza wayar a bakin ramin sai ta dawo, na gane dalmar wurin ta tsage saboda yawan sakawa da cirewa. Ya kamata wannan ya sa in tambayi kaina wane ne ke sakawa da cirewa kullum a gidan da aka hana yara taɓawa, amma hankalina yana kan aiki. Na narke tsohuwar dalma na zuba sabuwa. Hoto ya zo, yana rawa, da wani baƙin layi mai hawa yana sauka, da gurnani a lasifika. Wannan ciwon na san shi tun a rediyo. Ƴan gwangwanayen da muke kira kondo sun bushe da zafi, biyu har sun kumbura sun yi zufa. Na canza su gaba ɗaya, har waɗanda ba su nuna ciwo ba. Na auna regilate mai ƙafa uku da ke daidaita wuta, ya kamata ya ba da biyar, yana ba da huɗu da kyar, na cire shi na sa sabo, na shafa masa mai a bayansa don ya sha iska. Hoto ya tsaya cak. Wallahi a nan aikin ya ƙare. Abin da ta ce a yi an yi, ko azahar ba a kira ba.

Sai na tuna gwangwanin madara. Na zazzage shi, kwats ɗin ya faɗo a tafina. Na daɗe ina kallonsa. Na ce alkawarin da ban cika masa yana raye ba, bari in cika yanzu. Na cire tsohon na dasa wannan. Na nemo sirkwin launi, na ƙirga ƙafafunsa sau uku don kada in yi kuskure, na sa bakin allura na ɗaga ƙafar da ya taɓa nuna mini, na ja siririyar waya na ɗaure ta inda ya ce. Na kunna ba tare da na wuce hoton farko na wasan ba, sai ga shuɗi, ga kore, ga ruwan zinariya a jikin takobi. Yaron ya yi gaskiya a komai. Na zauna ni kaɗai a shago na yi kukan da ban yi ba ranar da Sarkawa suka zo.

Maigidana na Kamba, wanda ya koya mini aiki, yana da wata doka da ya dasa mini da rankwashi: kada ka rufe ciki a kan ciwo, abin da ya tsufa a cire shi tun bai kashe na kusa da shi ba. Da wannan doka na yi suna, abin da na gyara ba ya dawowa. Don haka da na gama da akwatin sai na juya kan kaset. Na goge haƙoransa da alkol, ruwan wanke ciwo, har suka yi ƙyalli. Bis ɗin da ke bayansa, ƴar ƙusar murɗawa, wani iri ne, babu turnabis ɗin da ke kama shi. Masu ƙera shi sun yi haka ne don kada irina su buɗe, ni kuwa sai na ɗauka gasa ce. Na gasa gindin alƙalamin roba a wuta, na danna shi a kan bis ɗin har ya huce ya ɗauki siffarsa, na murɗa, ya buɗe. Har na yi wa kaina kirari. A ciki ga pil, fari, kamar maɓallin riga, an like shi da dalma. Na ɗora masa agogon awo. Ya kamata ya ba da uku, ya ba da biyu da rabi da ɗan ɗori. Na ce wannan ya kusa, in na bar shi wata rana zai zubo da ruwa ya ci allon. Na tuna yayanku ya taɓa cewa wani abu a kan pil ɗin nan, na tuna sarai, amma ban tuna ƙarshen maganar ba, don ban bari ya kai ƙarshenta ba. Na ɗora ƙarfe mai zafi. Ƙafa ɗaya, ƙafa biyu, ya faɗo a benci. Ban fi minti biyu ba na sa sabo na rufe.

Bayan la'asar na kai gida. Na jona da kaina, na kira ta, na koma gefe ina jiran yabo kamar ɗan lakwal da ya ci jarrabawa. Da launi ya fito ta ɗan ja da baya, ta dafa ƙirji. Sai ta tsuguna ta ɗauki manet ɗin, na ga babban yatsanta ya tafi kan maɓallin kai tsaye ba lalube. A nan na fara gane mai kunna shi. Ta danna. Layi uku suka fito, fes, babu komai a kansu. Ta kashe ta sake kunnawa. Ta cire kaset ta hura masa iska ta mayar, yadda ta ga yayanku yana yi. Layi uku.

“Malam, ina rubutun?”

“Wane rubutu?”

“Na bisa. Wanda ke nan bisa.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ni kuwa a wannan lokacin na ji ƙarshen maganar da na katse, kamar yana tsaye a bayana yana ƙarasa ta. Pil ɗin shi ke riƙe da abin da aka ajiye. Muddin yana jone, ko da sauran ransa kaɗan ne, sunan yana nan. In aka raba shi da allon ko na ƙiftawar ido, shi ke nan. Garin gyaran gira na tsone ido. Sai na buɗe baki na yi abin da ya fi cire pil ɗin muni.

“Kuran ne, wutar lantarki. Lokacin da abin ya lalace, wuta ta yi yawa ta shahe shi. Haka na ishe shi.”

Ta dube ni. Rabon da ta dube ni haka tun muna amarci. Ta ce, “To.” Ta tashi ta koma wurin tukunya. Wannan ƙaryar ce kuka girma da ita, har Sale yakan ce kuran ɗin garin nan ya ci mana abubuwa da yawa, ni kuma in gyaɗa kai.

Washegari na mayar da akwatin shago. Na mayar da tsohon pil ɗin, ko Allah zai sa, babu. Na bi allon ƙafa-ƙafa da agogon awo kamar mai neman allura a rairayi. Na hau mota har Kamba wurin wani Ibo da ya fi ni sanin irin waɗannan kaya, ya saurare ni, ya ce abin da ya tafi ya tafi, ko wanda ya ƙera shi ba zai dawo da shi ba. Da na dawo sai na rufe ƙofar shago, na ɗauki manet, na rubuta sunan a layin sama da hannuna. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi tun takardar haihuwarsa. Amma ɗan mutumin da ya fito sabo ne, a gado ya farka, ko takobi ba shi da shi. Daga yadda ta yi na gane ba rubutun kaɗai take nema ba, akwai wurin da ya tsaya. Na daure na tambaye ta, ina kallon bango, ta ce kusa da ruwa ne, da itace ɗaya. Sai na shiga koyon wasan yara, ni mai shekara arba'in da biyar da furfura a gemu. Turanci ne a ciki, ba na ji, da lalube nake tafiya. Dodanni suka kashe ni sau ɗari. Masu rediyo su buga ƙofa su gaji su tafi wurin wani. Gari ya ɗauka cewa mutuwar ɗa ta taɓa mini kai, limamin unguwa har ya aiko a yi mini nasiha. Ban damu ba. Duk sanda na kai ɗan mutumin wani wuri mai ruwa da itace, sai in ajiye shi, in naɗe akwatin in kai gida, in kunna in koma gefe.

“Ba nan ne ba.”

Ƙasar wasan nan cike take da ruwa. Akwai tabki, akwai ƙorama, akwai bakin teku. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi kai, ina nan ina kai mata. Wani lokaci takan daɗe tana kallo har raina ya fara sa rai, sai ta girgiza kai. Launin da na sa ya ƙara rikita ta, don ita a baƙi da fari ta san wurin. Na cire wayar na mayar da shi baƙi da fari, duk da haka ba nan ne ba. Ranar ƙarshe, ana gab da girbi, na shigo da ƙunshin, sai ta tare ni a tsakar gida.

“Malam, bari hakanan.”

“Saura wuri guda, bayan wani dutse. Ina jin shi ne.”

“Ko shi ne, kai ka kai shi. Wancan shi ya aje shi da hannu nai.”

Ta karɓi ƙunshin daga hannuna, ta sa a ƙarƙashin gadonta, ba a sake kunna shi ba. Daga ranar ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta taɓa fasa mini tuwo ba, ruwan wankana bai taɓa yin sanyi ba. Amma ta daina zama in ina cin abinci, ta daina ba ni labarin unguwa, dariyar nan tata mai sa ta riƙe ciki ban ƙara jin ta ba sai in ina waje ku kuna ciki. Abin da kuka gani ke nan kuka kira rowar fuska. Ni kuma na koma shago, amma hannun ya mutu. In na ɗaga ƙarfe zan cire wani abu sai in tsaya ina tunanin me yake riƙe da shi. Mai gyara da ke tsoron cirewa ya gama aiki. A hankali shagon ya koma wurin sayar da pil da kwan fitila, kamar yadda kuka san shi.

Tsohon pil ɗin yana gwangwanin madara. Duk shekara in sanyi ya zo, kogi ya cika, sai in ɗauko shi in auna, ban san me nake nema ba. Shekara ta farko biyu da rabi. Ta uku biyu da rabi. Sai a shekara ta tara ya faɗi. Shekara tara ke nan da za ta yi tana sake labule bayan azahar, da na bar abin da ba a sa ni ba. Ban san abin da ake yi da irin wannan sanin ba, har yau ina ɗauke da shi, kuma bai rage nauyi ba.

A ciwonta na ƙarshe, lokacin da sukari ya riga ya cinye mata ido, wata hantsi kun fita neman magani, na zauna a bakin gadon na ce ina da magana. Na ce ba kuran ba ne.

“Na sani, Malam. Kaset ɗin na warin dalma ranar da ka kawo shi. Shekara nawa ina wanke rigunanka?”

“Mi ya hana ki hwaɗi?”

“Kai mi ya hana ka? Ni ban gaya maka abin da ke ciki ba, kai ba ka tambaya ba. Wanga na yahe tun tuni. Ƙaryar ce na yi ta jira ka ɗauke, ba ka ɗauke ba.”

A ranar ta ba ni labarin murfin kwano, da labule, da duk abin da na rubuta muku a sama. Ta rufe ido, na ɗauka barci ne. Can sai ta ce kamar rubutun ta fara ɓace mata, tana neman ta tuna yadda baƙin farko yake ta kasa. Na yi sauri na ɗauko takarda na rubuta shi da manyan baƙaƙe, na kai mata dab da fuska. Ta ƙura ido, ta juya takardar, ta ce ba ta ganin komai sai fari. Ta ajiye ta a ƙirjinta, ta juyo da kunnenta wajena, ta jira. Na san abin da take jira. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin, babu suruki, babu maƙwabci, babu wanda za a ji wa kunya. Na buɗe baki. Shekara arba'in da wani abu harshena bai taɓa ɗaukar wannan suna ba, ya ƙi ɗagawa. Na ce bari in kawo mata ruwa. Da na dawo ta juya fuska bango. Kwana huɗu bayan nan ta rasu.

Akwatin yana nan ƙarƙashin gadon, a cikin zanenta. In na mutu kada ku kunna shi, abin da ke layin sama hannuna ne, ba nasa ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kun zo nan a karatu, kada ku karanta a zuci. Rabi, ke ce mai murya, ki tara ƴaƴanku a tsakar gidan nan inda ta yi tankaɗe, ki faɗa da ƙarfi yadda na cikin ɗaki zai ji.

Sunan yayanku Haruna.